Hajiya ta rasu lokacin kullen korona ban samu jana'izarta ba, me ya sa abin ya ƙi sakina?

Tambaya: Likita, ni ɗan Kano ne, ina sana'a a Legas. A azumin 2020, lokacin dokar kullen korona, mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya a gida. Na so in taho, yayana ya ce in zauna, hanya a rufe take, kuma kada in kwaso cuta in kawo mata. Na bi maganarsa. Bayan 'yan kwanaki ta rasu, aka yi mata sutura, ni sai a waya aka faɗa mini. Shekaru sun wuce, amma duk azumi abin sabo yake dawo mini. Ba na iya shiga ɗakinta, barci yana yi mini wuya, kuma har yau ina jin haushin yayana. Na san waɗanda suka hau motar kaya suka tafi gida a lokacin. Wannan ciwo ne, ko raunin imani?

Amsa:

Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya kai haske kabarinta, Ya ba ku haƙurin rashinta. Da gangan na fara da ta'aziyya, Malam, domin ina zaton ba ka samu wadda ta ishe ka ba a lokacin da kake buƙatarta, kuma yawancin abin da zan faɗa maka a kan wannan giɓin zai tsaya.

Maganar raunin imani mu kawar da ita tun yanzu. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ya ba da labarin bai zarge shi ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Mutum yana iya miƙa wuya ga ƙaddara da zuciya ɗaya, barci kuma ya ƙaurace masa. Batun ko ciwo ne kuwa, ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba sai na zauna da kai, amma abubuwan da ka lissafa sun isa in ce ka je a duba ka. Zan zo kan wannan a gaba.

Duk wanda ya zo mini da irin damuwarka, abin da nake fara yi shi ne in mayar da shi waɗancan kwanakin ya tuna yadda suke da gaske, domin zuciya tana da halin goge uzurin mutum ta bar masa laifin kaɗai. Tun ƙarshen Maris 2020 gwamnatin tarayya ta kulle Legas da Abuja da Ogun. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano, ranar 16 gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita. Aka ɗauki azumi ranar 24, bayan kwana uku Shugaba Buhari ya ba da sanarwar kulle Kano gaba ɗaya na mako biyu. Zirga-zirga tsakanin jihohi ba a buɗe ta ba sai 1 ga Yuli, jiragen sama na cikin gida ma sai a watan Yulin suka dawo aiki. A cikin waɗannan makonnin ne aka yi ta mace-mace a Kano har masu haƙar kabari suka fara magana da 'yan jarida. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama suna da alaƙa da korona. Mafi yawansu dattawa ne. Allurar rigakafi kuwa ba ta iso Nijeriya ba sai Maris 2021. Legas ɗin da kake ciki ita ta fi kowace jiha yawan masu cutar, kuma tun a lokacin an san mutum yana iya ɗauke da ita ya yaɗa ta alhali shi garau yake jin kansa.

A cikin wannan halin aka ce maka ka zauna, kuma ka zauna. Ranar da ka yanke shawarar ba ka san kwanakinta sun kusa ƙarewa ba. Abin da ka sani shi ne Hajiya ba ta da lafiya, kamar yadda wataƙila ta sha kwanciya a baya ta tashi. Yanzu da ka san ƙarshen labarin ne kake komawa ka hukunta mutumin da bai sani ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan: da zarar an san yadda abu ya ƙare, sai a riƙa ganin ai tun farko a fili yake. Mu kuma tuni muka ce da-na-sani ƙeya ce.

Ka ambaci waɗanda suka hau motar kaya. Gaskiya ne, an yi haka, wasu a ƙarƙashin tampol, wasu ta hanyoyin daji. Amma kai labarin waɗanda suka isa lafiya kake ji, domin su ne suke bayar da shi a majalisa. Akwai wani rukunin da ba ya magana, mu a asibiti muke ganinsu: wanda ya yi ta maza ya taho, ya rungumi tsohuwa, bayan mako biyu ta fara tari da sarƙewar numfashi, ta rasu. Shi ma yana zaune da tambayarsa, ko ni na kawo mata? Kuma ba mai iya ba shi amsa. Duk ta inda mutum ya bi a wancan lokacin akwai da-na-sanin da take jiransa. Idan na auna su biyun, taka ta fi sauƙin ɗauka.

Addini ma yana tare da kai a nan, ko da yake wannan fagen malamai ne, ni tunatarwa kawai nake yi. Hadisin Usama bin Zaid sananne ne: idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta ɓarke a inda kuke kada ku fita kuna masu gudunta. Sayyidina Umar ya kamo hanyar Sham da tawaga, ya iso wani wuri da ake kira Sarg, aka gaya masa annoba ta sauka a can. Ya yi shawara ya juya. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. A Sham ya bar Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal, dukkansu kuma wannan annobar, da ake kira annobar Amwas, ce ta yi ajalinsu. Juyawar da ya yi bai sa wani ya ce ya yanke zumunci ba.

To amma na san wannan duk ba zai sa ka barci ba. Da hujja tana warkar da irin wannan, da tuni ka warke, domin na tabbata an sha gaya maka ba laifinka ba ne. Matsalar tana wani wuri.

Ka duba yadda muke rabuwa da mamaci a ƙasar Hausa. Ana fara da dubiya, a zo a zauna, a ce sannu, Allah Ya sawwaƙe. Idan jiki ya yi tsanani 'ya'ya su taru, a nemi gafara, uwa ta ce na yafe muku duniya da lahira, a laƙƙana mata kalmar shahada. Sai wanka da likkafani, sai a kira 'ya'ya su shigo su yi mata addu'a kafin a fita da ita. Sai sallah a ƙofar gida, sai ɗaukar makara ana karɓa-karɓa, sai kabari, ɗa ya sa hannunsa a ƙasa. Sannan a shimfiɗa tabarmi kwana uku. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da aikin da yake yi wa mai rai. Ƙwaƙwalwa ba ta karɓar mutuwar uwa da jimla ɗaya da aka faɗa a waya. Tana buƙatar ido ya gani, hannu ya taɓa, kafaɗa ta ji nauyin makara, kafin ta yarda cewa wadda ta shekara da shekaru tana nan yanzu ba ta nan. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ba su ga gawa ba suke cewa sun sani ta rasu, amma wani ɓangare na zuciyarsu yana jin kamar tana ɗaki, idan an ɗaga labule za a gan ta a kan sallaya. Ina zaton wannan yana cikin dalilan da suka hana ka shiga ɗakin. Muddin ba ka ɗaga labulen ba, ba a tabbatar ba.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Ko babu korona, ɗan Kano da yake Legas sau da yawa ba ya samun jana'iza. Mu ba ma ajiye gawa. A rasu da asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, tsakanin Legas da Kano kuwa tafiyar kusan kilomita dubu ce. Dubban mutane sun rasa jana'izar iyayensu ta wannan hanyar kuma ba su shiga halin da ka shiga ba. Me ya bambanta ku? Su sun iso washegari sun tarar da tabarma a shimfiɗe. An riƙa zuwa ana riƙe hannunsu, ya muka ji da haƙuri, ashe Hajiya lokaci ya yi. Sun ji labarin yadda ta cika sau talatin daga bakuna daban-daban, sun maimaita shi sau talatin ga masu zuwa. An raka su kabari da yamma. Ƙawayenta sun kira su ciki sun yi kuka tare, an tuno abin dariya da ta taɓa yi, an ci abinci a kwano ɗaya. Wannan maimaitawar da ake gani kamar al'ada ce kawai, ita ce take sauke labarin daga kunne zuwa zuciya a hankali, kuma tare da jama'a. Kai kuwa ka ajiye waya ka ci gaba da zama a ɗakin da kake, cikin garin da ba wanda ya san ta, kana azumi, masallatai a rufe, ba tarawih, ba tafsiri. Lokacin da hanya ta buɗe a Yuli, su a gida sun riga sun yi kukansu sun naɗe tabarma sun koma kasuwa. Ka iso da sabon makoki ka tarar da gida ya gama nasa. Mai yiwuwa ma kunya ta hana ka yin kuka a gabansu. Miki ne aka rufe ba a wanke ba, shi ya sa duk shekara yake tashi.

Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba sabon abu ba ne a wurin masu bincike. Bayan annobar ciwon numfashi ta SARS ta 2003, an bibiyi mutum 129 da aka killace a Toronto ta ƙasar Kanada, aka samu kusan kashi 29 cikin ɗari da alamomin firgici mai ɗorewa, kashi 31 da alamomin ciwon damuwa. A watan Fabrairun 2020, tun kafin a kulle mu, masana a King's College ta Landan suka tattara bincike 24 kan killacewa suka wallafa a mujallar Lancet. Abubuwan da suka gano sun fi jigata mutane su ne tsawon lokacin, da rashin sahihin bayani, da tsoron kamuwa, da asarar abin hannu, da ƙyamar jama'a. Duk mun ɗanɗana su a nan, musamman kullen da ake cewa mako biyu sai a ƙara wani mako biyun. A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar yawan masu fargaba da ciwon damuwa ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Ma'aikatan jinya da suka yi watanni ba sa ɗaukar 'ya'yansu, iyalan da iyaka ta raba tsakanin Katsina da Maraɗi, tsofaffin da suka tara kuɗin Hajji shekara da shekaru Saudiyya ta rufe ƙofa ga na waje a 2020 da 2021, wasu har suka rasu ba su je ba, kowa da kalar tasa.

Ban ce duk abin da aka yi a lokacin daidai ne ba. Ranar 18 ga Afrilu 2020 aka binne Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a maƙabartar Gudu da ke Abuja, kowa ya ga cinkoson da aka yi a talabijin, alhali talaka an hana shi ƙetare iyakar jiha ya ga mahaifiyarsa. Wanda ya bi doka ya ga haka dole ya ji an cuce shi. Kuma darasin ba sabo ba ne. Tun lokacin Ebola a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gane cewa ƙwace gawa daga hannun dangi yana sa mutane su ɓoye marasa lafiya, har ta fitar da ƙa'idar binnewa cikin mutunci, wadda ta tanadi a bar dangi su halarta daga nesa, a yi wa Musulmi taimama maimakon wanka, a yi masa sallah. An san rabuwa da mamaci buƙata ce ta lafiya. Fushinka yana da tushe. Abin tambaya shi ne a kan wa ya sauka.

Ya sauka a kan yayanka, domin shi ne mai fuska da suna da lambar waya. Cutar ba ta da fuska, gwamnati ta yi nisa, ƙaddara kuwa Musulmi ba ya yarda ya yi fushi da ita. Amma ka ɗan tsaya a inda ya tsaya. A waɗancan makonnin asibitoci masu zaman kansu da dama a Kano sun rufe ko sun rage karɓar marasa lafiya, saboda ma'aikata na tsoro kuma babu kayan kariya. Shi ne yake da tsohuwa a kwance, gari a kulle, 'yan sanda a kan titi, kowace safiya ana sanar da rasuwar wani babba. Shi ya ce maka kada ka zo, kuma ina da yaƙinin wannan maganar tana damunsa fiye da yadda kake zato. Irin waɗannan yayyen idan suka buɗe baki a gabana, abin da suke cewa shi ne, ni na hana shi ganinta, da wane ido zan kalle shi? Sai kowa ya yi shiru, a gaisa sama-sama ranar Sallah, a ɗauka ɗayan ya manta.

Shawarata ita ce ka je wurinsa, amma kada ka je da maganar wa ya yi laifi. Ka je da roƙo. Ka ce, Yaya, ina so ka ba ni labarin kwanakin Hajiya na ƙarshe, tun daga ranar da ta kwanta, kada ka tsallake komai. Me ta ci, me ta ce, ta ambace ni, wa yake wurin, ƙarfe nawa, wa ya yi mata sallah, wa ya shiga kabarin. Sannan ka nemi matan da suka yi jinyarta da waɗanda suka yi mata wanka, su ma su ba ka nasu. Yawanci abin da mutum yake ƙirƙira a ransa ya fi gaskiyar muni. Yana ganin ta cika tana kiran sunansa cikin ɓacin rai, alhali sau da yawa ita ce ma ta ce a gaya masa kada ya taso. Ko da labarin ya zo da ɗaci, labarin da aka sani ya fi wanda ake zato sauƙin zama da shi.

Yanzu batun ciwo. Alhini ba cuta ba ne, kuma ba shi da ranar ƙarewa. Tunawa da uwa da zubar da hawaye bayan shekara ashirin lafiya ce. Amma akwai wani yanayi da likitoci suka ware, alhinin da ya ƙi sassautawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, ta ce ana duba shi idan an wuce aƙalla wata shida da rasuwar. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a nata kundin a Maris 2022, ita kuma ta ce shekara guda ga manya. Alamominsa su ne begen mamaci mai tsanani kusan kullum, tunaninsa ya mamaye komai, kasa yarda da cewa ya tafi, gujewa duk abin da zai tuna shi, zargin kai ko fushi, jin kamar wani sashe na mutum ya mutu, sannan duk wannan ya taɓa sana'a ko zaman iyali. Idan naka a azumi kawai yake tashi, sauran watanni kana harkokinka, to ya fi kama da tashin mikin da zagayowar lokaci ke kawowa, kuma wannan ya fi sauƙi. Idan kuwa duk shekara haka kake, azumi ƙara shi kawai yake yi, to ya fi kusa da wancan alhinin da ya ƙi sassautawa. Likita zai kuma duba ko akwai ciwon damuwa a tare, wato rashin jin daɗin komai, ramewa, farkawa tsakar dare, ganin kai ba ka da amfani.

Mutanenmu ba kasafai suke zuwa su ce ina baƙin ciki ba. Cewa suke yi kaina yana zafi, gabana yana faɗuwa, wani abu yana yawo a jikina, ƙirjina ya yi nauyi. An sha maganin maleriya da taifot har an gaji, an ce olsa ce, an ce sammu ne. Idan kana da irin waɗannan ka faɗa wa likita, a auna jininka da sukari, amma ka haɗa masa da labarin Hajiya, kada ka bar shi a waje.

Maganin da ya fi aiki ga irin wannan alhinin na zama ne da tattaunawa. Wata likita a Amurka, Katherine Shear, ta tsara shi a zama 16, kuma a gwajin da aka wallafa a 2005 kusan rabin waɗanda aka yi wa sun samu sauƙi, idan aka kwatanta da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa tattaunawar da aka saba yi wa masu ciwon damuwa. Abin da ake yi a ciki zai ba ka mamaki don ka san shi: a sa mutum ya ba da labarin rasuwar daga farko zuwa ƙarshe, ya sake, ya kuma sakewa, a raka shi a hankali zuwa wuraren da yake gudu, a dawo da shi cikin mutane. Kusan aikin da zaman makoki yake yi ne, aka mayar da shi ɗakin likita. Ƙwayoyin ciwon damuwa kuwa bincike ya nuna ba su cika taɓa alhinin kansa ba, amma suna taimakawa idan ciwon damuwa ya haɗu da shi, kuma sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsu. Abin da nake roƙonka ka guje shi ne maganin barci na kemis, irin su diazepam. Daren farko za ka ji daɗinsa, bayan 'yan makonni jiki ya saba, ka dawo da matsala biyu.

Kafin ka ga likita akwai abin da za ka iya farawa. Ɗakin nan kada ka ce sai ka shige shi rana ɗaya. Ka fara da zama a tsakar gida inda kake hango ƙofar, har bugun zuciyar ya lafa da kansa. Wata rana ka tsaya a bakin ƙofa. Wata rana ka shiga da wani wanda ka yarda da shi, ƙanwarka ko gwaggonka, ku zauna minti goma. Sharaɗin shi ne kada ka fita lokacin da abin ya kai ƙololuwa, ka jira ya fara sauka, domin idan ka gudu a tsakiya jiki zai koyi cewa gudun ne ya cece shi. Idan kuka ya zo ka bar shi. Kabarin ma haka, idan ba ka taɓa zuwa ba ko sau ɗaya ka je a tsaitsaye, ka sa yayanka ya raka ka ya nuna maka, ka yi mata sallama da addu'a ba tare da gaggawa ba. Batun sallar gawa daga nesa ko a kan kabari akwai saɓanin malamai, Malikiyya ba su tafi a kan sallar ga'ibi ba, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta ta, don haka ka tambayi malaminka. Addu'a dai ba mai saɓani a kanta.

Akwai sahabin da abin da ya same ka ya same shi. Sa'adu bin Ubada mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan. Ya zo ya ce ya Manzon Allah, mahaifiyata ta rasu ba na wurin, zai amfane ta idan na yi sadaka a madadinta? Aka ce masa e. Ya ce to ka shaida gonata ta Mikhraf sadaka ce gare ta. Ka lura ba a tsaya tuhumarsa don me ba ya nan ba, aiki aka ba shi. A fannina ma haka muke gani: zargin kai yana ƙaruwa ne idan ba shi da inda zai zuba, yana raguwa idan aka mayar da shi aiki. Ba sai gona ba. Buhun gero ga maƙwabciyar da Hajiya take aika wa abinci, kuɗin makarantar wani maraya da take kula da shi, randar ruwa a ƙofar gida. Kuma ka ziyarci aminanta da 'yan'uwanta da suka rage, wannan yana cikin biyayyar da ba ta ƙarewa da mutuwar iyaye. Su ne za su yi maka ta'aziyyar da ka rasa, ko ba ka roƙa ba. Da ka zauna za su fara, Allah sarki Hajiya.

Azumi kuwa tunda ka san da shi abin yake zuwa, ka shirya masa tun Sha'aban. Barci dama yana rikicewa a watan, ga sahur ga tahajjud, kuma rashin barci yana ƙara kaifin kowace damuwa. Ka tsayar da lokacin kwanciya, ka rage shayi mai kauri bayan isha'i, ka samu ƙailula. Ranar da ta rasu kada ta same ka kai kaɗai a shago. In da hali ka sha ruwa a gida Kano tare da 'yan'uwa, in babu ka gayyaci mutum biyu uku a inda kake, ka gaya musu dalili. Maiɗakinka ma ka sanar da ita abin da ke faruwa, domin tana ganin canjin da kake yi duk shekara, kuma in ba a gaya mata ba za ta ɗauka ita ce ta yi wani abu.

Wurin zuwa: a Legas akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Idi-Araba. A Kano akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Na san sunan da ake kiran waɗannan wuraren da shi a gari, amma mafi yawan masu zuwa ganinmu da ƙafarsu suke zuwa, su koma kasuwa ko ofis a ranar. Ka nemi a haɗa ka da masanin halayyar ɗan Adam mai zaman tattaunawa, kada a tsaya a rubuta ƙwaya kawai. Ka tafi da bayanin tun yaushe barcin ya lalace, awa nawa kake samu, wane magani ka taɓa sha, da ko kana da hawan jini ko ciwon sukari. Idan kuwa ka taɓa jin gara ka bi ta, ko tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, ko ka fara shan wani abu don ka manta, to wannan ba na jiran bayan Sallah ba ne. Ka gaya wa wani na kusa da kai yau, ku je asibiti tare a cikin makon nan.